Babi na Uku: C. B. Fry da Rayuwar Ɗan Kurket Marar Albashi

Duk wanda ya saba jin irin maƙudan kuɗin da ake biyan 'yan wasan Ingila a yau, idan aka gaya masa cewa an yi zamanin da fitattun 'yan wasa suke shafe shekara ashirin ko talatin suna wasa a gaban dubban 'yan kallo ba tare da karɓar albashi ba, tambayar da za ta fara zo masa ita ce: to, da me suke ci, kuma me ya hana su karɓar ladan guminsu? Amsar tana cikin yadda al'ummar Ingila ta raba 'yan wasan kurket gida biyu tun daga ƙarni na 19 har zuwa shekarar 1962, wato 'yan sha'awa, waɗanda ake ɗauka suna wasa ne don nishaɗi da neman girma kawai, da 'yan albashi, waɗanda wasan shi ne sana'arsu. Rayuwar Charles Burgess Fry, wanda aka haifa a 1872 ya kuma rasu a 1956, ta dace da a yi nazarin wannan tsari da ita, domin shi mutum ne da ya sami matsayin 'ya'yan manya ta hanyar ilimi, amma bai gaji dukiyar da ake riƙe matsayin da ita ba, saboda haka abin da wasu suka iya ɓoyewa a bayan arziki, a wurinsa a fili yake.

Wasan da gundumominsa

Kurket wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da mutum 11, kuma ana yin sa a fili mai faɗi wanda a tsakiyarsa akwai wata doguwar farfajiya mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshenta. Mai jifa yana wurgo ƙwallo mai tauri da nufin ya kayar da turakun, mai bugu kuma yana tsaye a gabansu da sanda mai faɗi yana kare su, yana kuma ƙoƙarin buga ƙwallon nesa domin shi da abokinsa su yi gudu tsakanin turakun, inda kowane gudu ɗaya yake zama maki ɗaya. Mai bugu yana ci gaba da tara maki har sai an fitar da shi, ko ta hanyar kayar da turakunsa ko cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa ko wata hanya daga cikin waɗanda doka ta tanada. Idan ya tara maki 100 a shiga ɗaya, ana cewa ya ci ɗari, kuma da yawan ɗaruruwan da mutum ya ci ake auna girmansa a wannan fage.

Ingila ta daɗe a rabe zuwa gundumomi, irin su Yorkshire da Surrey da Kent da Sussex, kuma manyan ƙungiyoyin kurket sunayen waɗannan gundumomi suke ɗauka. A 1890 aka kafa gasar gundumomi a hukumance da ƙungiya takwas, daga baya adadin ya yi ta ƙaruwa. A wancan zamani kowane wasa na gasar kwana uku yake ɗauka, kuma ana yin biyu a mako tun daga watan Mayu har zuwa farkon Satumba, ban da ranar Lahadi. Wannan lissafi shi ne tushen matsalar da babin yake magana a kai, domin wanda zai yi wa gundumarsa wasa sosai dole ne ya ba da kwana shida a mako har na kusan wata huɗu, abin da babu malamin makaranta ko akawu ko likitan da zai iya yi ba tare da aikinsa ya taɓu ba. Saboda haka kalmar ɗan sha'awa tana ɗauke da ma'anar da ba a furtawa, wato mutumin da yake da abin hannun da zai iya zama wata huɗu ba ya neman na abinci.

Ɗaki biyu, ƙofa biyu

Bambancin da ke tsakanin gidajen biyu ana ganinsa da ido a kowane filin wasa. 'Yan sha'awa suna da ɗakin canja kaya nasu, 'yan albashi suna da nasu, kuma a filaye da yawa, har da filin Lord's na Landan, wanda shi ne cibiyar wasan, kowane rukuni ta ƙofarsa yake shiga fili, su haɗu a tsakiya su yi wa ƙungiya ɗaya wasa. A tafiya ma masaukinsu daban ne, tarago daban a jirgin ƙasa. A takardar sakamakon wasa ana rubuta haruffan farko na sunan ɗan sha'awa kafin sunan gidansu, kamar C. B. Fry, amma ɗan albashi sunan gidansu kawai ake rubutawa, ko a biyo da haruffan a baya, ta yadda mai karatu zai gane matsayin kowa tun kafin ya ga bugunsa. Ɗan albashi yana kiran ɗan sha'awa da laƙabin girmamawa ko da ya girme shi ya kuma fi shi iya wasa, shi kuwa ɗan sha'awa da sunan gida zalla yake kiransa.

Rabon aiki ma ya bi wannan layi. Bugu, wanda shi ne ɓangaren da ake yi wa tafi, shi 'ya'yan manya suka fi so, jifa kuwa, wanda aiki ne mai gajiyarwa da ake yini ana yi, ya fi zama rabon 'yan albashi, waɗanda yawancinsu 'ya'yan leburori ne da ma'aikatan masaƙa da na ramukan kwal. Shugabancin ƙungiya kuma, bisa al'ada, na ɗan sha'awa ne, bisa hujjar cewa wanda ba ya tsoron rasa albashi shi ne zai iya yanke hukunci ba tare da fargabar kwamiti ba. Tun 1806 aka fara wani wasa na musamman da ake kira Gentlemen da Players, ma'ana 'ya'yan manya da 'yan wasa, inda gwanayen kowane gida suke karawa da juna, kuma sunan wasan kaɗai ya isa ya nuna yadda ake kallon lamarin. Ƙungiyar MCC, wadda aka kafa a 1787, ita ce mai tsara dokokin wasan, kuma ita ce ta tsare wannan shinge fiye da ƙarni guda.

Daga Repton zuwa Oxford

An haifi Fry a garin Croydon, kudu da Landan, ranar 25 ga Afrilu, 1872, a gidan ma'aikacin gwamnati mai rufin asiri, wanda yake da asali amma ba shi da dukiya. Ya yi karatu a Repton, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun kwana da masu hali suke kai 'ya'yansu, inda ake ba wa harsunan Latin da Girkanci da wasannin motsa jiki muhimmanci kusan daidai. Irin waɗannan makarantu sun yi imani cewa a filin wasa ake koyon shugabanci da juriya da biyayya ga doka, kuma daga cikinsu da jami'o'in Oxford da Cambridge ne aka riƙa ɗibar jami'an mulkin mallaka, har ma'aikatar mulkin Sudan ta yi suna wajen fifita waɗanda suka yi fice a wasanni. Fry ya fita daga Repton da kyautar karatu zuwa kwalejin Wadham ta jami'ar Oxford, inda ya zauna tare da F. E. Smith da John Simon, waɗanda duka biyu suka zama manyan 'yan siyasa da lauyoyi daga baya.

A Oxford ne sunansa ya fara cika ƙasa. Ya wakilci jami'ar a kurket da ƙwallon ƙafa da guje-guje da tsalle-tsalle, ya kuma shugabanci dukkan ukun, sannan a 1893 ya yi dogon tsalle na ƙafa 23 da inci 6 da rabi, kimanin mita 7.17, wanda ya yi daidai da bajintar duniya ta lokacin. A jarrabawar farko ta karatunsa ya fito a aji na ɗaya, amma taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Zama cikin 'ya'yan masu kuɗi ya jefa shi cikin bashi, ga ciwon mahaifiyarsa, ga yawan wasanni, har lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu a shekararsa ta ƙarshe, ya kammala a 1895 da digiri mai aji na huɗu. Da irin wannan sakamako manyan ayyukan gwamnati suka yi masa nisa, sai ya karɓi aikin koyarwa a makarantar Charterhouse, inda ya gano cewa zangon karatu yana cinye rabin lokacin kurket, kuma bayan kimanin shekara biyu ya ajiye aikin.

Shekarun Sussex

Fry ya fara yi wa gundumar Sussex wasa a 1894, a filinta da ke Hove a bakin teku, kuma a can ya yi wasa tare da Ranjitsinhji, ɗan gidan sarauta daga Indiya wanda ya yi karatu a Cambridge. Salon mutanen biyu ya bambanta ƙwarai: Ranjitsinhji yana da saurin ido da laushin wuyan hannu, yana karkatar da ƙwallo zuwa inda ba a zata ba, shi kuwa Fry ya ɗauki bugu tamkar darasi, ya rarraba shi kashi-kashi, ya zaɓi bugun da ya fi aminci ya yi ta maimaitawa har ya ƙware. Masu sukarsa sun ce bugunsa ba shi da ado, amma masu jifa sun san wahalar fitar da shi. A farkon al'amari yana jifa ma, sai dai a 1898 alƙalan wasa, cikinsu har da Jim Phillips, suka hukunta shi da laifin miƙe gwiwar hannu a lokacin jifa, abin da doka ta hana, domin ana so hannu ya zagayo ba tare da an lanƙwasa an miƙe ba. Hukuncin ya ja hankali saboda alƙalan wasa yawanci tsofaffin 'yan albashi ne, kuma ba kasafai suke iya tsawata wa ɗan manya ba. Daga nan ya mayar da hankalinsa kan bugu.

Shekarar 1901 ita ce ƙololuwar wasansa, domin a cikinta ya tara maki 3,147, kuma ya ci ɗari sau shida a jere ba tare da yankewa ba, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin shi. Don Bradman na Ostiraliya ya maimaita wannan bajinta a kakar 1938 zuwa 1939, Mike Procter na Afirka ta Kudu kuma a kakar 1970 zuwa 1971, amma har yau ba a wuce shida ba. A 1903 ya ci 232 ba a fitar da shi ba a wasan Gentlemen da Players a filin Lord's. Da ƙarfin bugunsa da na Ranjitsinhji Sussex ta zo ta biyu a gasar gundumomi a 1902 da 1903, ko da yake ba ta ɗauki kofin ba sai bayan shekara ɗari, a 2003. Ya zama kyaftin ɗin gundumar daga 1904 zuwa 1908. A tsawon rayuwarsa ta manyan wasanni ya tara maki 30,886 da ɗari 94, matsakaicin makinsa kuma, wato jimillar maki idan aka raba ta da yawan lokutan da aka fitar da shi, ya haura 50, a zamanin da ba a rufe farfajiyar wasa idan ana ruwa, abin da yake sa ƙwallo ta riƙa tsalle yadda ta ga dama.

A lokacin sanyi kuma ƙwallon ƙafa yake bugawa a matsayin ɗan baya. Ya buga wa Ingila wasa ɗaya da Ireland a 1901, sannan a 1902 ya kai wasan ƙarshe na kofin FA tare da Southampton, inda Sheffield United ta yi nasara bayan an maimaita wasan. A nan ma ba ya karɓar albashi, alhali abokan wasansa da shi suke ci.

Inda kuɗin yake fitowa

Doka ta yarda ɗan sha'awa ya karɓi abin da ya kashe na mota da masauki da abinci, kuma ta wannan ƙofa ce kuɗi suka riƙa shiga aljihun waɗanda ake cewa ba a biyansu. Babban misali shi ne W. G. Grace, likitan da ya mamaye kurket kafin zamanin Fry, wanda ya karɓi fam 1,500 domin zuwa Ostiraliya a 1873, da fam 3,000 a tafiyar 1891, sannan gudummawar da jama'a suka tara masa a 1895 ta haura fam 9,000, adadin da babu ɗan albashin da ya taɓa mafarkinsa a lokacin. 'Yan albashi suna sane da wannan, shi ya sa a 1896, kafin wasan Ingila da Ostiraliya a filin Oval, biyar daga cikinsu suka nemi a ninka musu kuɗin wasa daga fam 10 zuwa 20, suna kuka da cewa 'yan sha'awa sun fi su samu da sunan kuɗin hanya. Uku sun janye, amma George Lohmann da William Gunn ba su buga wasan ba. Wata dabarar da gundumomi suka saba ita ce naɗa ɗan sha'awa marar ƙarfi muƙamin mataimakin sakatare, a biya shi albashin ofis alhali a fili yake yini.

Fry ya bi wata hanya ta daban, wato alƙalami. Bayan ya bar koyarwa ya shiga rubuta wa jaridu da mujallu sharhin wasanni, ya yi wa mujallar yara maza mai suna The Captain aiki, sannan a 1904 aka fara buga mujalla mai ɗauke da sunansa, C. B. Fry's Magazine, wadda ya zama editanta. Ya taimaka wa Ranjitsinhji wajen rubuta littafinsa na kurket na 1897, ya kuma haɗa kai da mai ɗaukar hoto George Beldam suka fitar da littattafai biyu a 1905 da 1906 waɗanda suka yi nazarin motsin manyan masu bugu da masu jifa ta hanyar hotuna. A idon doka shi ɗan sha'awa ne tsantsa, tun da babu wanda ya biya shi don ya riƙe sanda, amma abin da masu jarida suke saye shi ne sunan da sandar ta yi masa. Wannan dogaro da rubutu yana daga cikin dalilan da suka sa bai taɓa zuwa Ostiraliya da tawagar Ingila ba, domin tafiyar tana cin kusan wata shida har da zaman jirgin ruwa, kuma ba zai iya barin aikinsa na tsawon haka ba.

Jirgin Mercury da shugabancin Ingila

A 1898 Fry ya auri Beatrice Sumner, wadda ta girme shi da kusan shekara goma, kuma wadda ta daɗe tare da wani attajirin mai banki mai suna Charles Hoare. Shi Hoare ne ya kafa makarantar horar da yara aikin jirgin ruwa da ake kira Mercury, wadda ta kasance a bakin kogin Hamble a gundumar Hampshire, kuma bayan rasuwarsa a 1908 Fry ya karɓi shugabancinta, ya riƙe har 1950. A zahiri matarsa ce take tafiyar da al'amuran yau da kullum har rasuwarta a 1946, kuma tsofaffin ɗalibai da yawa sun ba da labarin tsananin horon da ake yi a can. Makarantar ta ba Fry gida da matsayi da kaki na sojan ruwa, ta kuma sa ya sauya gunduma, domin dokar wasan ta tanadi cewa mutum zai wakilci gundumar da aka haife shi ko wadda yake zaune a cikinta. Daga 1909 ya koma yi wa Hampshire wasa har 1921, kuma a 1911 ya ci mata 258 ba a fitar da shi ba a karawa da Gloucestershire, maki mafi yawa da ya taɓa ci a shiga ɗaya.

A wasannin ƙasa da ƙasa, waɗanda ake kira Tes, rabonsa bai kai na gunduma ba, domin a wasa 26 ya tara maki 1,223 ne da ɗari biyu kacal, wato 144 a kan Ostiraliya a 1905 da 129 a kan Afirka ta Kudu a 1907, duka a filin Oval. Duk da haka a 1912, yana da shekara 40, aka ba shi shugabancin Ingila a gasar ƙasashe uku da ta haɗa da Ostiraliya da Afirka ta Kudu. Ruwan sama ya ɓata yawancin kakar, kuma Ostiraliya ta zo ba tare da gwanayenta shida ba saboda rikici da hukumar wasanta, amma Fry ya kammala wasa shida ba a doke shi ba, da nasara huɗu da kunnen doki biyu, Ingila ta ɗauki gasar. Abin lura shi ne cewa a cikin tawagar akwai 'yan albashi irin su Jack Hobbs da Wilfred Rhodes da Sydney Barnes, waɗanda su ne ƙashin bayan nasarar, amma babu wanda ya yi tunanin ba ɗayansu shugabanci.

Bayan an ajiye sanda

Tsarin 'yan sha'awa ya ginu ne a kan zaton cewa wasa ɓangare ne kawai na rayuwar ɗan manya, kuma babban aikinsa yana majalisa ko kotu ko gidan gwamna. Wasu sun cika wannan zato, kamar Stanley Jackson, wanda ya shugabanci Ingila a 1905 ya kuma zama gwamnan Bengal. Fry ya nemi irin wannan matsayi bai samu ba. A 1920 ya raka Ranjitsinhji, wanda tun 1907 ya hau gadon sarautar Nawanagar, zuwa taron Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani a Geneva a matsayin mataimaki mai rubuta jawabai, kuma daga wannan tafiya ne labarin da ya fi so ya bayar ya samo asali, cewa an yi masa tayin sarautar ƙasar Albaniya. Ya tsaya takarar majalisar dokoki a jam'iyyar Liberal sau uku, a Brighton a 1922 da Banbury a 1923 da Oxford a 1924, ya faɗi duka ukun. A waɗannan shekaru ya dogara ƙwarai da alherin tsohon abokin bugunsa, abin da ke nuna cewa 'yancin da ake alfahari da shi na ɗan sha'awa sau da yawa a hannun wani mai dukiya yake.

A ƙarshen shekarun 1920 ciwon ƙwaƙwalwa ya sake kama shi, ya ɓace daga idon jama'a na tsawon shekaru, sannan ya dawo a 1934 yana rubuta wa jaridar Evening Standard sharhin wasan Ingila da Ostiraliya. A wannan shekara ce ya je Jamus ya gana da Hitler a kan batun haɗa matasan ƙasashen biyu, kuma yabon da ya yi masa a tarihin rayuwarsa, Life Worth Living, wanda ya fito a 1939, ya zama tabo a sunansa, ya kuma nuna cewa gwanintar fili da ta Latin ba su ba mutum basirar siyasa. Ya rasu a Landan ranar 7 ga Satumba, 1956, yana da shekara 84.

Rushewar shinge

Fry ya rayu har ya ga tsarin da ya rene shi yana tsagewa. A 1925 Lord Hawke, wanda ya daɗe yana shugabantar Yorkshire, ya yi addu'a a bainar jama'a kada ɗan albashi ya taɓa shugabantar Ingila, kuma a 1938 sai da Wally Hammond ya ajiye albashi ya koma ɗan sha'awa kafin a ba shi muƙamin. Amma yaƙe-yaƙen duniya biyu da hauhawar haraji sun cinye dukiyar gado, har ya zama da wuya gunduma ta sami matashin da zai ba da wata huɗu kyauta. A 1952 aka naɗa Len Hutton, ɗan albashi daga Yorkshire, kyaftin ɗin Ingila, kuma a shekarar da ta biyo baya ya doke Ostiraliya. An yi wasan Gentlemen da Players na ƙarshe a Scarborough a Satumban 1962, a Nuwamba kuma wakilan gundumomi suka amince a soke bambancin, ta yadda daga 1963 kowa ɗan kurket ne kawai, ƙofa ɗaya, ɗaki ɗaya.

Amsar tambayar da aka fara da ita, ke nan, ita ce cewa ɗan sha'awa yana ci ne ko dai daga gado, ko daga kuɗin hanya da aka kumbura, ko daga muƙamin ofis, ko kuma, kamar Fry, daga sayar da sunan da wasan ya ba shi, kuma abin da ya hana shi karɓar albashi shi ne cewa karɓar za ta sauke shi daga matsayinsa zuwa ɗayan ɗakin. Saura a shiga wancan ɗakin a ga yadda rayuwa take a cikinsa. A 1909, a filin Edgbaston na Birmingham, Fry da wani matashin ɗan albashi suka yi wa Ingila wasa a kan Ostiraliya, aka fitar da kowannensu a ƙwallon farko a shigar farko, sannan a shiga ta biyu suka tara maki 105 tare ba a raba su ba, suka ci wasan, matashin da 62, Fry da 35, sauran kuma daga kurakuran abokan karawa suka fito. Wannan matashi shi ne Jack Hobbs, ɗan mai kula da filin wasa a wata kwalejin Cambridge, wanda a 1953 ya zama ɗan albashi na farko a kurket da Sarauniya ta ba laƙabin Sir, kuma rayuwarsa ce babi na gaba zai duba.